Kada Tarakta Ta Cinye Kufan Kakanni

'Yan'uwa manoma, damina ta gabato, ƙungiyoyinmu na gama kai kuwa sun fara haɗa kuɗin hayar tarakta. A wani taro da muka yi kwanan baya an yi ta gardama a kan guntun wata tsohuwar ganuwa mai gwalalo da ta ratsa gonar ƙungiya. Samari suka ce a baje ta a sami ƙarin kunya. Dattawa suka ce a'a, wurin iskoki ne. Mu dai muna goyon bayan a bar ta, amma ba don tsoro ba.

Bari mu fara daga gida. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a Katsina. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar birnin tsakanin mil 13 da 14, ya kuma tarar gidaje sun tsaya a gefe guda, saura fili ne. Dabara ce ta magabata: in abokan gaba sun kewaye gari, akwai wurin noma da kiwo a ciki. Yau Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da sauransu suna nan, amma yawancin ganuwar ta tafi. Ruwan sama ya ci wani sashe, masu ɗibar ƙasar gini suka ƙarasa.

Tudun da ka raina ba ka san abin da ya rufe ba. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani, akwai tuddai a tsakanin gonaki. Baturen mulki Palmer ya tona a 1907, masana daga Jamus suka sake tonawa a 1992. Ashe kaburburan manya ne na ɗaruruwan shekaru, da zinariya, da wuri, da hauren giwa, har da tasa mai rubutun Larabci. Da an baje wurin, da ba mu san nisan fataucin mutanen da ba.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A ƙasar Ailan, inda fada-fada da yawa suka fito suka yi aikin bishara a Nijeriya, an lissafta kufai masu kewayayyar ganuwa fiye da 40,000. Yawancinsu gidajen manoma ne na sama da shekara 1,000, inda ake shigar da shanu da dare saboda mahara. Manoman can ma sun daɗe suna cewa na aljanu ne, ko ƙaya ba sa sarewa a kai. Da manyan injuna suka zo, tsoro ya ragu, aka baje da yawa. Yanzu doka ce ke tsare da su.

Mu masu bi ba ma tsoron iska, gama Ubangiji ne mai ƙasa, mu wakilai ne kawai. Ku duba Karin Magana 22:28, inda aka gargaɗe mu game da tsohuwar iyaka. Ban da haka, barin tudun riba ne. Yana rage gudun ruwa, gwalalo yana tare shi har ya nutse. Kukar da ke kan kufai tana ba mu miya da inuwa. In an baje, kunya goma za a samu, kwari kuwa ya buɗe ya cinye ɗari.

Ga shawararmu. Kafin tarakta ta shiga, shugabannin ƙungiya su zaga tare da direba, a kafa turaku. A bar taku biyar kowane gefe ba huɗa, a dasa gamba, a sami ciyawar zana. Kada a yarda kowa ya ɗebi ƙasar gini a wurin. In garma ta tono tukunya ko ƙashi ko tsakiya, a bar su inda suke, a gaya wa dagaci, a kai labari gidan adana kayan tarihi da ke Katsina. Kada a sayar wa dillalai.

Ku tattauna wannan a taronku na gaba, ku aiko mana da abin da kuka shirya. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.