Taurari Biyar Da Shaidar Zur: Dillalin Gidaje Da Sunansa A Intanet

 Maganarmu ta wannan mako a kan dillalan gidaje da filaye take, da kuma wata sabuwar hanya da jama'a suka samu ta auna su.

A da, idan mutum ya tashi sayen gida a Fagge ko a Tudun Wada, kafin ya ba da kafin alƙalami sai ya bi ta wurin mai unguwa, ya tuntuɓi limamin masallaci, ya kuma tambayi wani wanda ya taɓa ciniki da dillalin nan. Dalili kuwa shi ne, dillali ba shi da haja tasa ta kansa. Gidan na wani ne, kuɗin na wani ne, shi abin da ya shigo da shi kasuwa sunansa ne kurum. Yau ga ma'aikacin gwamnati an yi masa canjin wurin aiki zuwa Abuja ko Kaduna, bai san kowa ba a unguwar da yake son zama. Sai ya ɗauki wayarsa ya duba Google, ya ga sunan dillali, a ƙarƙashinsa ga taurari daga 1 zuwa 5, ga kuma maganganun mutanen da suka ce sun yi hulɗa da shi. A kan wannan ne zai aika da kuɗin hayar shekara guda, wani lokaci ma tun bai taka ƙofar gidan ba. Saboda haka dillalai suka shiga kula da abin da ake rubutawa a kansu, har ma wasu suka mai da gyaran sunan mutane a intanet sana'a.

Da farko dai a sani, dillanci halal ne, la'ada kuma halal ce. Imamu Buhari ya ƙulla babi a kan ladan dillali, inda ya kawo cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahimu da Hasan ba su ga laifinsa ba. Akwai kuma labarin sahabi Ƙaisu ɗan Abu Garaza, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa a Madina dillalai ake ce da su, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira su da suna mafi kyau, watau 'yan kasuwa, sa'an nan ya hore su da yawan sadaka domin ciniki ba ya rabuwa da rantsuwa da maganar banza. Watau tun a wancan zamani an san cewa hatsarin wannan sana'a a harshe yake.

To, mene ne waɗannan taurari a ma'aunin shari'a? Ni dai abin da na fahimta, shaida ce. Wanda ya danna tauraro biyar ya rubuta cewa wane mai amana ne, ya tsaya ne gaban dubban mutanen da bai sani ba ya wanke shi. Malamai suna kawo labarin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, lokacin da wani ya zo zai wanke wani mai ba da shaida. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko kuɗi ya taɓa haɗa su, nan ma ya ce a'a. Sai Umar ya nuna masa cewa ashe bai san mutumin ba. Idan aka ɗora wannan awo a kan yabon da ke ƙarƙashin sunayen dillalai a yau, nawa ne zai tsira?

Domin kuwa hanyar da wasu suke bi sananniya ce. Dillali ya buɗe ofis jiya, yau ya tara ƙannensa da surukansa da yaran shagonsa, kowa ya rubuta cewa ya sayi fili a hannunsa ya ji daɗi. Wani kuma ya biya masu wannan aiki, su ƙirƙiro sunaye 50 waɗanda babu su a duniya, ko su sa na'ura ta tsara musu kalmomin yabo iri iri. Wannan ba wani abu ba ne illa najashu da aka sake wa riga. Annabi ya hana najashu, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim daga Abdullahi ɗan Umar, kuma Imamu Malik ya fassara shi a Muwaɗɗa da cewa mutum ya taya kaya sama da ƙimarsu alhali ba shi da niyyar saye, don dai wani ya bi sahunsa. Ɗan kore na kasuwar shanu da mai rubuta yabon ƙarya a waya aikinsu ɗaya: su nuna wa baƙo cewa mutane suna rububin abu, don ya saki kuɗinsa. Bambancin kawai, ɗan kore mutum guda yake yaudara a yini guda, shi kuwa rubutu yana nan shekara da shekaru yana yaudara, ko da mai shi ya manta ya yi. A mazhabar Malikiyya, idan mai sayarwa ya san da najashun, mai saye yana da zaɓin mayar da kaya. Ko alƙalai za su ɗora wannan hukunci a kan cinikin da aka ƙulla saboda yabon jabu, wannan nasu ne, amma kamar da ke tsakanin abubuwan biyu ba ta ɓuya ba.

Ina so in ja kunnen ma'aikatan ofis musamman, domin su ne aka fi roƙo. Abokin aiki zai turo maka saƙo ya ce ƙaninsa ya fara dillanci, don Allah ka ba shi tauraro biyar. Kai kana ganin zumunci ka yi, minti ɗaya ne, ba ka ci kwabon kowa ba. Amma ka tuna da wanda zai karanta. Wataƙila dattijo ne da ya yi shekara 35 yana aiki, aka ba shi kuɗin sallama, ya ƙudurta zai sayi fuloti ya gina wa iyalinsa inda za su fake. Ya ga mutum 40 sun yi shaida, ya biya, bayan wata shida ya kai bulo ya tarar da wani yana haƙa harsashi a wurin da takarda irin tasa. Kai ɗaya ne daga cikin mutum 40 ɗin nan. Shaidar zur kuwa Annabi ya lissafta ta cikin mafi girman zunubai, tare da shirka da saɓa wa iyaye, har yana kishingiɗe ya tashi zaune ya yi ta maimaitawa.

Abin lura, ƙasashen da wannan al'ada ta taurari ta fara ƙarfi a cikinsu sun gaji da ita har sun kafa doka. A Amurka, hukumar kula da ciniki ta tarayya ta fitar da ƙa'ida a watan Agusta na 2024, ta fara aiki a Oktoba, wadda ta hana saye da sayar da yabon jabu, da yabon da ma'aikatan kamfani suke rubutawa ba tare da sun bayyana ko su wane ne ba, da kuma tsoratar da mai ƙorafi don ya janye maganarsa. Tarar da aka ambata a lokacin ta kai dala 51,744 a kan kowane laifi. Birtaniya ma ta hana shi daga watan Afrilu na 2025. Mu kuwa hanin yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu kullum da asuba.

Kashi na biyu na maganar ya fi wuya, shi ne abin da dillali zai yi idan an rubuta mummuna a kansa. Nan ne masu sana'ar gyaran suna suke cin kasuwarsu, suna alkawarin share ƙorafi ko binne shi a ƙarƙashin tarin yabo. A nan sai a raba abu biyu. Idan ƙarya ce, kamar wani abokin hamayya ya sa a ɓata shi, ko wanda bai taɓa ciniki da shi ba, dillali yana da haƙƙin kai kuka ga masu shafin su cire, kuma mutuncin Musulmi abin karewa ne kamar jininsa da dukiyarsa. Amma idan gaskiya ce, share ta ɓoye aibi ne. Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya lissafta a cikin Risala abubuwan da ba su halatta a ciniki, daga ciki har da algus da yaudara da ɓoye aibi, da kuma rufe duk wani abu game da haja wanda da mai saye ya ji shi zai ƙi ta ko ya rage farashi. Kuma kowa ya san labarin tsibin hatsin da Annabi ya cusa hannunsa ciki ya ji lema, mai hatsi ya ce ruwan sama ne, ya tambaye shi abin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Dillalin da yake kai mutane ganin fili da rani, alhali ya san da damina tafki ne, sa'an nan wanda ya fara faɗawa ya rubuta gargaɗi shi kuma ya biya aka goge, sau biyu ke nan yana tura jiƙaƙƙen hatsi ƙasa.

Wasu dillalai, da an taɓa su, sai su ce giba ce, Musulmi ba ya tona asirin ɗan'uwansa. Lalle giba haramun ce, kuma Suratul Hujurati ta kamanta ta da abu mafi ƙyama. Sai dai malamai sun keɓe wurare. Imamu Nawawi ya kawo guda shida a Riyadus Salihina, daga cikinsu akwai kukan wanda aka zalunta, da gargaɗin Musulmi daga cuta. Hujjarsu ta haɗa da labarin Faɗimatu 'yar Ƙaisu, wadda ta nemi shawarar Annabi a kan mutum biyu masu neman aurenta, ya faɗa mata aibin kowanne a fili, ɗaya ba shi da dukiya, ɗayan ba ya ajiye sanda. Aya ta 148 cikin Suratun Nisa'i ita ma ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Amma dama ce mai iyaka. Mai ƙorafi ya faɗi abin da ya same shi da kansa, da kwanan wata da adadin kuɗi, kada ya ƙara gishiri. Wanda aka jinkirta masa mabuɗi mako biyu ba shi da ikon rubuta ɓarawo. Kada ya shigo da iyayen mutum ko ƙabilarsa ko matansa. Kuma abin da na ga ya fi dacewa, ya fara samun dillalin tukuna, ko shugaban dillalan unguwa, domin sau da yawa abin da aka kai wa duniya da an zauna a zaure da ya mutu.

Shi kuma dillali, amsarsa ana karanta ta fiye da ƙorafin. Wanda ya zo da zagi ya tabbatar wa mai karatu abin da ake faɗa. Wanda ya ruga wurin 'yan sanda, shi ma ya yi tunani. A watan Satumba na 2023 an kama wata mata a Legas saboda ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi, aka kai ta har Abuja, maganar ta zagaye duniya, mutanen da ba su taɓa jin sukar ba duk suka ji ta. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama mutane da shi, an yi masa gyara a 2024 aka taƙaita shi. Hanya mafi aminci ita ce ya amsa a taƙaice cikin ladabi, idan da kuskure ya amsa shi, idan da kuɗin mutum ya mayar. Kuma ya kiyaye wani abu da fushi yake sa a manta: dillali yana riƙe da asirin mutane. Ya san wanda bashi ya sa ya sayar da gidan gado, ya san wanda ya kasa cika kuɗin haya. Fallasa wannan don ya ci gardama cin amana ne, ko da shi ne mai gaskiya a asalin rigimar.

Idan an yi sulhu fa, ya halatta ya ce a goge rubutun? Ra'ayina, idan saɓani ne na tsakaninsu kuma an biya haƙƙi, babu laifi mai ƙorafi ya janye don kansa, ko da yake ya fi kyau ya bar shi ya ƙara a ƙasa cewa an gyara, domin wannan ya fi kowane yabo amfani ga dillalin. Amma a riƙe kuɗin mutum a ce ba za a ba shi ba sai ya goge, wannan sayen shiru ne da haƙƙinsa. Idan kuma cutar tana nan tana jiran na baya, kamar filin da ake shari'a a kansa kuma har yanzu ana tallarsa, to gargaɗin ba na mai shi kaɗai ba ne da zai sayar.

Neman shaidar gaskiya kuwa ba laifi ba ne. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ambaci amanarsa da saninsa ga sarkin Masar lokacin da bukata ta kama. Dillali yana iya roƙon duk wanda suka gama ciniki ya rubuta abin da ya gani, muddin bai tsara masa kalmomi ba, bai kuma rage masa la'ada da sharaɗin tauraro biyar ba. Idan yana da rajista da wata hukuma, kamar hukumar rajistar masu ƙiyasta gidaje da filaye da aka kafa a 1975, ya bayyana lambarsa yadda kowa zai iya bincikawa.

Mai saye ma akwai nasa. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurati ta yi umarni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi, kuma wannan ya shafi yabo kamar yadda ya shafi suka. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filayen birane suna hannun gwamnan jiha ne, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, kuma sayar da filin da ke da ita yana bukatar amincewarsa. Saboda haka kafin a biya, a je ofishin filaye, AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, a biya kuɗin bincike a ga sunan wanda ke cikin fayil. A je wurin da ƙafa, a gai da maƙwabta, a tambaye su inda ruwa yake bi a watan Agusta. Sa'an nan a nemi dillalin ya haɗa ka da mutum biyu da suka taɓa saye a hannunsa, ka yi musu tambayoyin nan uku na Sayyidina Umar, musamman ta ƙarshe.