Wa ya rubuta ranar da shamuwa ta sauka a garinku?

Idan a karkara ka tashi, ka san abin da dattawa ke cewa in an ga shamuwa a kan kuka ko tsamiyar bakin gari: damina ta ƙarato, a gyara gona. Maganar tana da tushe a kimiyya. Shamuwa, wadda masana ke kira Ciconia abdimii, ruwan sama take bi. Wajen Afrilu zuwa Mayu take isowa arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ta yi sheƙa, ta yi ƙwai biyu ko uku. Da damina ta ja baya sai ta tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka, irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda a lokacin ne su ke samun nasu ruwan.

Abinci ne ke jan ta. Ruwa in ya sauka ciyawa ta tsiro, fara da tsutsotsi su yawaita, su ne kuma abin da take ci. Kwanci yakan ɗauki kimanin wata guda, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu kafin su tashi. Ka ga dole ta zo da wuri, don ƙyanƙyasa ta dace da lokacin da ƙwari suka cika gona. In ruwa ya makara, ko aka sare bishiyar da ta saba sauka, ko feshin maganin ƙwari ya rage mata abinci, a ranar zuwanta da yawan sheƙunanta za a fara ganin alama.

To, nan ne kake da amfani. Kowa na cewa "bana ta yi latti", amma in ka tambayi ranar da ta zo bara, sai a yi shiru. Mai bincike ba zai iya zama a kowane ƙauye ba, kai kuwa kana wurin. Littafin rubutu da biro sun ishe ka.

Fara tabbatar da tsuntsuwar. Baƙa ce mai farin ciki, da jan gwiwa da jan yatsu, fuskarta kan yi shuɗi lokacin sheƙa. Tana da 'yar uwa da ta fi ta girma, fara mai jan baki, wadda ke zuwa daga Turai, amma ita da rani take zuwa.

Ka zaɓi bishiyoyi ƙalilan da kake wucewa kullum, ka riƙa duba su daga farkon Afrilu. Ka rubuta har ranakun da ka duba ba ka ga komai ba. Wannan fa shi mutane suka fi rainawa, alhali a ganina shi ya fi muhimmanci. In ka ce ka ganta 10 ga Mayu, ba mu sani ba ko ranar ta zo, ko ranar ce ka ɗaga kai. In kuwa littafinka ya nuna ka duba 8 da 9 babu ita, magana ta zauna. Ƙirga sheƙa ya fi ƙirga tsuntsaye, domin da rana suna can gonaki kiwo. Ka sa sunan bishiyar, da ranar ruwan farko, da ranar da suka watse. Kada ka hau, kada ka bar yara su hau, daga ƙasa ma ana gani.

In kana da waya, bayanan za su iya wuce littafinka. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowanne kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai kuma na tura abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Ko ba ka shiga ba, ka ajiye littafin, ka sake duba bishiyoyin nan dai baɗi, domin sai an jera shekaru da yawa kafin a bambance sauyi na gaske da lattin shekara ɗaya.