Ruwan da Rago Bai Sha Ba

Mahautan Sabon Birni da Isa sun san wani irin rago: ƙashin baya a fili, cikin ido fari fat, ƙasan haɓa a kumbure, amma ciki tim. Da an farka cikin, kafin wuƙa ta taɓa tumbi, sai ruwa garai-garai mai ɗan rawaya ya kwararo. Daga ina ya fito?

Wasu kan ce ruwa ya sha ya wuce kima. Sai dai ruwan sha tumbi yake shiga, ga tumbin nan kuwa lafiya lau, ba huda. Kumburin iska fa? Shi ma a'a. In ka bubbugi cikin da iska ta cika, amo za ka ji. Wannan kuwa, in ka dafa gefe guda ka taɓa ɗaya gefen, sai ka ji abu yana kaɗawa.

Ashe ruwan yana tsakanin kayan ciki da bangon ciki ne. Tun dabba tana ɗan tayi, shimfiɗar tsakiya ta jikinta ke darewa biyu, ta bar fili. Daga baya filin ya kasu: na zuciya, na huhu, na ciki. Wani siririn tantani ne ya lulluɓe shi, yana tsatso ɗan ruwan da zai sa hanji ya zame ba gogayya. A lafiyayyar dabba, bai wuce danshi ba. To, me ya mai da danshi ambaliya?

A duba hanta. Ta ragon nan ta yi tauri, ta yi tabo, hanyoyin ruwan matsarmama sun yi kauri. Hanta ce ke haɗa sinadarin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. In ta gaza, ruwan sai ya tsiyaye ya taru a fili mafi girma, wato na ciki, da kuma ƙasan haɓa. Mahauci ya tsaga hantar ya matsa, sai ga tsutsotsi masu faɗi kamar ganye, wata ta kai santimita 7. Tsutsar hanta ce, wadda likitocin dabbobi ke kira Fasciola gigantica. Jini take sha, shi ya sa ido ya yi fari.

Saura tambaya ɗaya: ta ina ta shiga? Amsar tana fadamun Gulbin Rima da na Bunsuru, inda dabbobi ke tururuwa in ciyawar tudu ta bushe. Ƙwan tsutsar yana fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga wata 'yar katantanwa, ya hayayyafa, ya fito ya manne a ciyawa. Rago ya ci. Ƙaramar tsutsar ta huda hanji, ta ratsa wannan fili na ciki har ta isa hanta. Wurin da ruwan ya taru, shi ne hanyar da ɓarauniyar ta bi. Sai ta yi wata uku ko fiye kafin ta girma, don haka mai rago ba ya tuna kiwon fadama sa'ad da ciwo ya bayyana.

Tsiyaye ruwan ba ya magani, zai dawo. Maganin tsutsar hanta irin su triclabendazole, bisa shawarar malamin dabbobi, da kauce wa kududdufai masu katantanwa, su ne ke hana mai rago sayar da shi a araha ga mahauci.