Yadda Geron Nijar Ya Koyi Sauri

Mun saba ganin gero ya fitar da kai alhali maiwa tana nan tana jinkiri. Jira take yini ya gajarta, kuma wannan ɗabi'a gadonta ce. Sai dai farin shekarun 1970 da 1980 ya taƙaita damina a yankin Sahel, jinkiri ya koma asarar abinci.

Masana sun shuka geron da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 tare da na 2003. Na baya-bayan ya fi saurin fure, kuma wani nau'in ƙwayar gado ta PHYC, mai gane haske, ya yawaita a cikinsa. Galibin manoman ba su sauya iri ba. Zangarniyar da ta nuna kafin ruwa ya ɗauke, ita ce ta riƙa zama irin baɗi.