Ƙurajen Kifi da Saƙon Kafso: Ina Gaskiyar Take?

Sau huɗu saƙon nan ya shigo wayata a mako guda, biyu daga zauren WhatsApp na matasan Kuyello masu kiwon tarwada, biyu daga 'yan uwa. Muryar wani ce da bai faɗi sunansa ba, yana magana da isa kamar wanda ya shekara ashirin a bakin tanki. Cewa yake idan ka ga fararen ƙuraje a jikin kifi, ka sayo kafso ja da yalo guda goma a kemis ka zazzage a ruwa, sannan ka wanke matatar ruwan tanki da Hypo. Ya ƙara da cewa cutar tana kama mutum, ruwan burtsatse ne ke kawo ta, kuma gishirin girki kashe kifi yake.

Ukun ƙarshen nan ba sa buƙatar dogon zance. Cutar ba ta kama ɗan Adam, ko ka taɓa kifin ko ka ci. Ruwan burtsatse ba ya haifar da ita. Shigowa take a jikin sababbin 'ya'yan kifi, ko kifin rafi da aka haɗa da na gida, ko koma da bokitin aro. Gishiri kuwa, da awo, magani ne. Maganar kafson ce ta sa na ɗauki alƙalami, don ita ce ke cinye wa yara jari.

Ɗan yayata ya sayo 'ya'yan tarwada daga Kaduna a farkon hunturu, ya zuba a tankin tamfol mai lita 1,000 a bayan ɗakinsa. Da na leƙa, sai na ga kifin suna goga jiki da gefen tankin, wasu sun taso sama suna buɗe baki, a fatarsu da fiffikensu ga ɗigo-ɗigo fari kamar an barbaɗa musu tsakin gishiri. Da na koma bayan kwanaki, ruwan ya yi rawaya, ga ɓawon kafso a ƙasa. Ya ce, “Kawu, wallahi yana aiki, kwana uku ƙurajen suka ɓace.” Na ce masa ya jira mako guda.

Ban ga laifinsa ba, idonsa ya gani. Amma abin da ke haddasa ƙurajen wata mitsitsiyar halitta ce mai cin jikin kifi, wadda masana ke kira Ichthyophthirius multifiliis, sunan da wani Bafaranshe mai suna Fouquet ya raɗa mata a 1876. Ba bakteriya ba ce, shi kuwa kafson nan an yi shi ne don bakteriya. Tana shiga ƙarƙashin fatar kifi ta ci ta ƙoshi, sai ta faɗo ƙasan tanki da kanta, ta lulluɓe jikinta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya. Wannan faɗowar ita ce “warkewar” da ake gani. Ko ka zuba kafso, ko ba ka zuba komai ba, ƙurajen za su ɓace na 'yan kwanaki. Sannan 'ya'yan su fashe su bazu cikin ruwa suna neman kifi, su dawo ninkin ba ninkin, har cikin inda kifin ke shaƙar iska a ƙarƙashin murfin kunnensa. A ruwa mai ɗumi zagayen yakan cika cikin kamar mako guda. A tsananin sanyin hunturu yakan ja makonni, shi ya sa ake zaton an rabu da ita.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Duk wanda ya haɗa matata da durom, ya cika ta da soso da tsakuwa, ya sani dattin nan mai ruwan ƙasa da ke manne musu gidan wasu bakteriya ne masu amfani. Su ke juya ammoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, ta zama abin da kifi zai iya jurewa. Sukan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabuwar matata. Kafso yana raunana su, Hypo kuwa ƙarasa su yake cikin minti kaɗan. Sai ka tashi da kifi marar lafiya a cikin ruwa mai guba. Mai muryar nan, da ya taɓa kwasar matattun kifi da kwando, da bai tura wa mutane wannan ba.

Abin da ya tabbata shi ne magani ba ya samun halittar nan sai a lokacin da take yawo cikin ruwa, don haka aikin na kwanaki ne. Masu kiwo da yawa suna amfani da gishiri, kimanin giram 3 a kowace lita, wato kilo 3 a tanki mai lita 1,000. A narka shi a bokiti, a zuba kaɗan-kaɗan cikin yini guda, a riƙe awon nan kwana goma zuwa sha huɗu, ko da ƙurajen sun ɓace. Kullum a zuƙe dattin ƙasan tanki da tiyo, a canza wani kaso na ruwan, a mayar da gishirin daidai ruwan da aka zubar. A rage abinci. Soson matata kuma a ɗauraye shi a bokitin ruwan tankin, ba sabulu, ba Omo. Gishiri yana yi a mafi yawan lokuta, amma akwai nau'in da ke jure masa, kuma kifin da cutar ta riga ta ci wa hanyar numfashi da wuya ya tashi.

Gaskiya ɗaya da ke cikin saƙon: akwai farin tabo ko gyambo da bakteriya ke kawowa, wanda zai iya buƙatar irin wannan magani. Shi shimfiɗe yake kamar kyasfi, ba ɗigo-ɗigo ba, kuma malamin dabbobi ne zai faɗi magani da awonsa, da kwanakin da za a jira kafin a kai kifin kasuwa.

Ɗan yayar tawa ya kira ni a rana ta takwas. Ƙurajen sun dawo, yana tambayar mudu nawa ne kilo uku.