Majigi da Tambayar Adalci a Ƙasar Karaye da Rogo

Tun kafin talabijin ta shigo karkarar Kano, majigi ne ke tara jama'a bayan sallar isha'i. Mota ce ɗauke da janareto da farin allo, takan tsaya a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, yara su baje a ƙasa, dattawa su shimfiɗa tabarmi, mai sharhi ya riƙe lasifika yana fassara hoto da Hausa. Turawan mulkin mallaka suka kawo shi, musamman bayan kafa hukumarsu ta fina-finai a 1939, don koyar da tsafta da noman auduga da gyaɗa. Gwamnatin Sardauna ta gaje shi. Matsalarsa ɗaya: hukuma ke magana, talaka na saurare.

Karaye da Rogo, waɗanda aka haɗa a masarauta ɗaya mai daraja ta biyu a 2024, sun cancanci majigin da zai bar talaka ya tanka. Fim ɗin farawa ma yana nan: Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gyara shi aka nuna a birnin Balin na Jamus a 2018. A cikinsa fadawa suka ƙulla wa Makau, mijin uwar Umar, sharri, sarki ya kore shi daga gari. Aka sace Umar yana ƙarami, uwarsa ta bi sawunsa har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Wa ya fi laifi, fadawan da suka kai tsegumi ko sarkin da ya hukunta ba tare da cikakken bincike ba? Tambaya ce da manomin da ya taɓa shari'ar gona ko ta gado zai amsa da zafi.

Daga nan sai lauya da alƙali da malamin gari su karɓi lasifika. Mutane da yawa ba su san cewa belin 'yan sanda kyauta ne ba, ko cewa sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya hana tsare mutum fiye da kwana ɗaya ba a kai shi kotu ba, muddin akwai kotu cikin kilomita 40.

Mata kuwa, waɗanda rabon gado da haƙƙin saki suka fi shafa, sai a ware musu nasu daren a harabar makaranta, da mai sharhi mace.