Sabunta Ƙissoshin Littafi Mai Tsarki a Ƙagaggun Labaran Soyayya na Kiristocin Amurka

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba wani reshe na ƙagaggun labaran soyayya da ya bunƙasa a tsakanin Kiristocin Amurka, inda marubuci kan ɗauko ƙissa daga Littafi Mai Tsarki ya sake gina ta a wani wuri da wani zamani na kusa. Labaran soyayya masu ruhin Kiristanci sun daɗe a can. Grace Livingston Hill, wadda ta rasu a 1947, ta rubuta da dama, kuma littafin Janette Oke, Love Comes Softly (1979), shi ne ya buɗe musu kasuwa sosai. Abin da ya dami wannan nazari shi ne: me ke samun ƙissa idan aka raba ta da al'ummar da ta haife ta?

2.0 Hosiya a Kalifoniya

Littafin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Redeeming Love na Francine Rivers, wanda aka fara bugawa a 1991, aka sake fitar da shi da gyare-gyare a 1997, sannan aka mayar da shi fim a 2022. Tushensa shi ne Littafin Hosiya, inda aka umarci Hosiya ya auri Gomer, mace mazinaciya, domin aurensu ya zama misalin dangantakar Ubangiji da Isra'ila mai yawan saɓa alkawari. Rivers ta kai labarin Kalifoniya a shekarun 1850, lokacin rububin haƙar zinariya. Hosiya ya koma manomi mai suna Michael Hosea, Gomer kuwa ta koma karuwa da ake kira Angel.

Babban sauyin yana ga tauraruwar. A nassin asali Gomer ba ta da tarihi, ba a faɗi abin da ya kai ta ga halinta ba, domin ita alama ce kawai. Ƙagaggen labarin soyayya kuwa ba ya tafiya sai mai karatu ya ƙaunaci tauraruwa. Saboda haka marubuciyar ta ƙaga mata asali: sunanta na yanka Sarah, kuma an sayar da ita ga karuwanci tana da shekara takwas. Da wannan ƙari, wadda take wakiltar al'umma mai laifi ta zama wadda aka zalunta, guje-gujenta daga gidan miji kuma suka zama alamar raunin zuciya maimakon butulci. A nan jigon ya karkata daga gargaɗi ga al'umma zuwa warkar da mutum guda. Haka kuma a ƙarshe Michael ya daina bin sawunta, ita ce ta dawo da ƙafarta bayan ta yi imani. A ra'ayinmu wannan ne wuri mafi ƙarfi a littafin, domin ya raba ceton da miji zai iya yi da wanda ya fi ƙarfinsa.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Idan aka ce miji shi ne misalin Ubangiji, to mai karatu ba shi da damar tuhumar abin da ya aikata. An ɗaura auren Michael da Angel ne tana cikin magagin dukan da aka yi mata, kuma masu suka sun sha tambayar ina yardarta take. Abin da ya zauna daidai a matsayin misali yakan yi nauyi idan aka ɗora shi a kan mace mai jini da tsoka.

3.0 Matsalar Kishiya

Liz Curtis Higgs ta ɗauko ƙissar Yakubu da Lai'atu da Rahila ta Littafin Farawa, ta kai ta yankin Galloway na Sikotilan a ƙarshen ƙarni na 18, cikin Thorn in My Heart (2003) da Fair Is the Rose (2004) da Whence Came a Prince (2005). Yakubu ya zama Jamie, 'yan'uwan biyu suka zama Leana da Rose, Laban kuma Lachlan. Ta yi wa ƙissar Rut da Na'omi irin wannan a Here Burns My Candle (2010).

Ƙissar Yakubu ta ginu ne a kan mata biyu a gidan miji ɗaya, alhali dokar Sikotilan da cocinta ba su san wannan ba. Dole marubuciyar ta nemi mafita, sai ta mayar da rikicin ya zama na wace ce halattacciyar mata a idon coci, auren kuma ya zama bi da bi. Kishi yana nan, amma zaman kishiyoyi, da rabon kwana, da gasar haihuwa a tsakar gida ɗaya, waɗanda su ne ƙashin bayan ƙissar, sun sauya kama. Manazarcin adabin Hausa zai lura da wannan nan take, domin a littattafan soyayya na Kano, irin su Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, kishiya tubali ce ta yau da kullum a ginin labari. Wato tsarin iyalin da ke cikin Farawa ya fi kusa da duniyar waɗannan littattafai fiye da ta Sikotilan ɗin Higgs, wadda sai da ta shigo da majalisar dattawan coci da rajistar aure kafin labarin ya tsaya da ƙafarsa.